Tsohon kaset ɗin Kirsimeti na gida: waya, 'yar na'urar USB, akwatin naɗa ko mai situdiyo?

Duk sanda Disamba ta kama sai tsofaffin finafinan gida na mutanen Amurka su fara yawo a Facebook da YouTube, irin na shekarun 1950 da 1960 ɗin nan, yara da kayan barci suna yage takardar kyauta a gindin bishiyar Kirsimeti, uwa tana kare fuska da hannu saboda hasken fitilar kamara, ja ya fito jawur, kore ya fito shar kamar jiya aka ɗauka. Ba murya ko ɗaya sai kiɗan da mai ɗorawa ya liƙa, mutane kuma na ta cewa wayyo zamanin da, lokacin da rayuwa ba hayaniya. Ni ma ina kallo kuma yana taɓa ni sosai, amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fim ɗin wani gida na 1958 ya fi kaset ɗin gidanmu na 1994 kyau nesa ba kusa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancinsu da Kodachrome aka ɗauka, fim ɗin da Kodak ya fitar a 1935, launinsa kuma in an ajiye shi a duhu yana jure shekaru masu yawa bai koɗe ba. Ɗan faifai ɗaya mai ƙafa 50 minti uku ne da wani abu zuwa huɗu, ga tsada, ga sai an aika an wanke, shi ya sa uban gida ba ya danna kamara sai lokacin da kowa ke dariya, wani ɓangare na sauƙin rayuwar da muke gani daga nan ya fito, ba wanda ya ɗauki daren da aka rasa kuɗin makaranta. Mu kuwa namu kaset ne na VHS, E-180 mai awa uku, mai bidiyo ya saɓa ƙatuwar Panasonic a kafaɗa ya bar ta tana ta gudu, don haka komai ya shiga, har da murya. A namu na 1994 a Wusasa akwai wajen da Kaka take zaune a tabarma da zanen sanyi, hazo ya rufe bayan gida, tana yanka albasa tana faɗa wa yayata ta kai wa maƙwabtanmu Musulmi kwanon shinkafa da cincin tun da zafinsa kafin a taso daga coci. Minti biyu ne kacal, kuma duk duniya nan ne kawai muryarta ta rage.

To matsalar ita ce zaren kaset ba ya da ƙarkon fim. Hoton maganaɗisu ne a jikin siririyar leda, zafi na cinsa, laimar damina na sa masa fumfuna, ƙurar hunturu na shiga, kuma injin kunna shi ma ya ƙare, Funai na Japan da ya rage yana ƙerawa ya daina tun 2016. Duk injin bidiyon da ka gani yau a kasuwa tsoho ne. Saboda haka in kana da kwalin kaset a ƙarƙashin gado, na Kirsimeti ne ko na Sallah ko biki ko suna, kana kuma ta jujjuya yadda za ka mai da shi cikin waya ko kwamfuta, ga hanyoyin da na bi da kaina da yadda na auna su.

Abin da na auna da shi

Na farko kuɗi, ba kuɗin na'urar kawai ba, har da na injin bidiyo, da mai ko cajin sola, da wurin ajiye fayil. Zan faɗi farashi da dala saboda na naira kafin ka gama karantawa ya canja. Na biyu kyan hoto da sauti, wato nawa ne daga abin da ke cikin kaset ɗin zai tsallako. Na uku ƙarko, abin da ka samu a ƙarshe zai kai jikoki ko shekara biyar zai mutu. Na huɗu sauƙi, don ba kowa ke da haƙurin zama da laftof ba. Na biyar kuma wanda ni na fi ba wa nauyi shi ne haɗari, wato yiwuwar ka rasa kaset ɗin kansa, don hoto mara kyau ana iya sakewa gobe, kaset ɗin da inji ya tauna ko ya ɓata a shagon wani kuwa ya tafi kenan.

Kafin ka zaɓi komai ka fito da su ka duba wane iri ne. Babban VHS kowa ya san shi. Akwai ƙaraminsa VHS-C wanda ake sa shi cikin wani gida mai siffar babban kaset sai ya shiga bidiyo. Akwai Video8 da Hi8 na kamarorin Sony, su ba su da irin wannan gidan ko da wani ya ce maka yana da shi, sai da kamararsu ake kunna su. Akwai MiniDV ɗan mitsitsi da ya fito 1995. Sannan in wani kawu ya yi karatu a Ingila ko Amurka a shekarun 1970 ba mamaki ka tsinci ƙananan faifai a kwali rawaya, wannan fim ne 8mm ko Super 8, maganarsa daban ce zan zo kanta. Ka leƙa ta tagar kowane kaset, in ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren to fumfuna ce, ware shi gefe kar ka kuskura ka sa a inji, zai toshe hed, wato kan injin da ke karanta zaren, ya kuma shafa wa sauran. Sai ka ɓalle ɗan haƙorin nan na bayan kaset, ɓalle shi ne ke hana naɗa sabon abu a kai. Mu ba mu ɓalle ba, shi ya sa rabin Kirsimetin 1995 namu yanzu wasan ƙarshe ne na ƙwallon Olamfik na Atlanta 96 da Najeriya ta ci Ajantina 3 da 2, yayana ne ya naɗa a kai cikin dare bai duba ba, har yau Mama in ta tuna sai ta yi shiru.

Hanya ta ɗaya: ka kunna a talabijin ka ɗauka da waya

Wannan ba ta cin ko sisi in dai akwai bidiyo mai aiki, naka ko na aro. Ka kashe fitilun ɗaki, ka kafa wayar a kwance a kan littattafai ko abin riƙe waya ta kalli talabijin ɗin sak, ka danna sikirin ka riƙe har haske ya kulle don kar ya riƙa hawa da sauka, sannan kowa ya yi shiru. Talabijin mai faɗi ta fi mai ƙusumbi, don mai ƙusumbin ita ke kawo baƙin layin nan da ke ta gangarowa, saboda ita tana bugawa sau 50 a daƙiƙa wayar kuma yawanci hoto 30 take ɗauka, in wayarka tana da zaɓin 25 ka sa ta a nan. Hoton zai fito ana gane kowa amma launi zai ɗan wanke, sautin kuma da amon ɗaki, in akuya ta yi kuka a waje ta shiga tarihi. Ƙarkonsa daidai da inda ka ajiye fayil ɗin. Haɗarinsa ɗaya ne, injin da ya shekara ashirin ba a kunna ba, bel ɗinsa ya saki, robar da ke jan zare ta bushe, irinsa ne ke tauna kaset. Ka fara gwada shi da wani kaset da ba ka damu da shi ba, ya shiga, ya yi gaba, ya yi baya, ya fito lafiya sau biyu sau uku, tukun ka sa na gida.

Mutane na raina wannan hanyar, ni ban raina ta ba. Ita ce kwafin farko da ya kamata kowa ya yi kafin kaset ya fita daga gida.

Hanya ta biyu: 'yar na'urar USB da laftof

Wata 'yar abu ce kamar filashi mai jela, jelar tana da bakin waya rawaya na hoto da fari da ja na sauti, ka haɗa da bayan bidiyo, ɗaya gefen ka soka a laftof. In bidiyon irin na Turai ne mai faffaɗan soket ɗin SCART sai ka nemi ɗan mahaɗinsa, ba tsada. Masu araha da ake kira EasyCap suna kaiwa wajen dala 10 zuwa 15, sai dai suna ɗaya ne kawai, cikinsu kala-kala ne, kamfanoni da yawa ke kwaikwayo, wata ta yi kyau wata ta ƙi. Mai suna irin Elgato Video Capture tana kaiwa wajen dala 80 zuwa 90 kuma da manhajarta take zuwa. Ga masu araha akwai manhajar OBS Studio, kyauta ce.

A nan ne ake samun hoto mafi kusa da abin da ke cikin kaset a kuɗi kaɗan, amma fa sai ka yi haƙuri. Abu na farko da ke rikita mutane shi ne tsarin talabijin. Najeriya da Gana PAL ne, hoto 25 a daƙiƙa, girman 720 da 576, in manhajar tana kan NTSC na Amurka sai ka ga hoton ya koma baƙi da fari ko yana ta birgima, ka yi zaton kaset ne ya lalace alhali saiti ne. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuma su kula, tsohon tsarinsu SECAM ne, kaset ɗin da aka naɗa da shi in ka sa a injin PAL zalla ba launi zai fito, sai injin da ke cin kowane tsari, irin wanda aka rubuta multi-system a gabansa. Abu na biyu lokaci. Kaset mai awa uku awa uku zai ci, ba a gaggauta shi, kaset ashirin kuwa ka lissafa da kanka. In aka ɗauke wuta a tsakiya laftof zai ci gaba da batirinsa amma bidiyo ya tsaya da zare a naɗe a kan hed, kar ka ja, ka bar shi har wuta ta dawo ya saki da kansa. Ni sai da na koma yi da rana a kan inbata na sola na samu kwanciyar hankali. Abu na uku, wadda na fara saya marar suna ce, bayan minti arba'in sai murya ta fara gaba baki yana biyo ta a baya, Zumuntar Mata suna tafi ana jin ƙarar tun hannu bai haɗu ba. Maganin da na samu shi ne in yanka naɗin minti talatin-talatin. Kuma kar ka bari manhajar ta miƙe hoton ya cika sikirin, asalinsa kusan murabba'i ne, in aka miƙe kowa sai ya zama gajere mai faɗi.

Fayil ɗin MP4 mai kyau yana cin kamar giga ɗaya da rabi zuwa biyu a awa. Kaset bai bar gida ba, wannan shi ne babban amfaninta.

Hanya ta uku: akwatin da ke naɗa da kansa

Wannan na waɗanda ba sa son ganin laftof ne. Iri biyu ne. Akwai sabbin akwatuna masu ɗan sikirin irin ClearClick, sama da dala 100, ka haɗa wayoyi uku, ka sa memori ko filashi, ka danna maɓalli ɗaya shi ke nan, Baba ma zai iya. Hotonsa matsakaici ne, yana matse fayil yadda ya ga dama ba ka da ta cewa, wurin da mutane ke rawa da sauri wani lokaci sai ka ga ya ɗan dagule. Ɗaya irin kuma tsohon injin naɗa DVD ne na hannu, ko wanda ya haɗa kaset da DVD a jiki ɗaya. Wasu na Panasonic suna da kirki wajen daidaita hoton da ke rawa, amma abin da za su ba ka faifai ne, faifan giga 4.7 kuma awa biyu yake ɗauka a hoto mai kyau, in ka tura awa huɗu ko shida a ciki hoto ya zube. Sannan dole ka rufe faifan a cikin injin bayan ka gama in ba haka ba wani inji ba zai karanta ba, mutane da yawa sun yi asara a nan. Faifan da aka ƙona a gida kuma ba abin dogaro ba ne, rana da ƙarzuwa suna kashe shi, laftof na yanzu ma ba su da wurin sa shi. In ka bi ta nan ka kwashe abin da ke faifan zuwa kwamfuta a ranar.

Hanya ta huɗu: ka kai wa mai situdiyo

Mafi sauƙi, kuma mafi haɗari. A Kano, Kaduna, Jos, Zariya har yanzu akwai tsofaffin masu ɗaukar biki da suka ajiye injinansu, wasunsu sun san aikin fiye da duk abin da na rubuta a nan, sun san yadda ake buɗe kaset a ɗinke zaren da ya tsinke, sun san goge fumfuna. Kuɗi yawanci kan kowane kaset ne, in kaset uku ne gare ka ya fi maka araha a kan sayen inji, in talatin ne kuɗin zai wuce na sayen kayan gaba ɗaya. Kyan aikin kuwa ya danganta da mutumin, wani irin 'yar USB ɗin nan mai araha ce a bayan labule, wani kuma zai ɗora maka sunan shagonsa da lambar waya a kan hoton, ko ya cire sautin asali ya sa waƙa wai don ya ƙayata. Ka faɗa masa tun farko ba ka son ko ɗaya.

Ni na taɓa kai kaset huɗu wani shago, aka ce in dawo bayan sati biyu, na dawo aka ce mai shagon ya yi tafiya, na sake dawowa aka ba ni uku, na huɗun aka yi ta dubawa cikin tarin kaset marasa suna har yau ba a gan shi ba. Na bikin ƙanwar Mama ne. Ba mugunta ba ce, sakaci ne, amma sakamakon ɗaya ne. Don haka in za ka kai, ka rubuta suna da lamba a jikin kaset ɗin kansa ba a kwalinsa ba, ka ɗauki hotonsu a gaban mai shagon, ka fara da guda ɗaya wanda bai fi muhimmanci ba ka ga aikinsa, ka je da filashinka ka ce MP4 kake so ba DVD ba, in zai yarda ka zauna a yi a gabanka ya fi. Akwai kuma maganar sirri, kaset ɗin gida akwai mata a tsakar gida ba mayafi, akwai yara suna wanka, ka tabbatar ya goge nasa kwafin, kar wata rana ka ga iyayenka a TikTok.

MiniDV da su Hi8

MiniDV tun asali dijital ne, don haka in ka bi da shi ta wayar rawaya ka yi asarar kyansa a banza. Hanyarsa ita ce kamarar da wayar FireWire zuwa tsohuwar kwamfuta mai wannan soket, sai ya kwafo daidai yadda yake, wajen giga 13 a awa. Wahalar ita ce samun kwamfutar. Wasu kamarorin Digital8 na Sony suna kunna tsofaffin Video8 da Hi8 su fitar ta FireWire ɗin, in ka samu irinta a gidan wani ka riƙe ta da kyau. In ba ka samu ba, kamarar da ta ɗauka tana da bakin waya rawaya, sai ka bi hanya ta biyu ko ta uku.

Faifan fim, 8mm da Super 8

Kodak ya fito da 8mm a 1932, Super 8 kuma a 1965, mai sauti bai zo ba sai 1973, shi ya sa yawancinsu kurame ne. Mu faifai uku muka samu a akwatin Kawu. Ka buɗe ka shinshina, in ka ji tsami kamar binega to fim ɗin ya fara ruɓewa, ka raba shi da sauran ka yi sauri da shi. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka nemo tsohon majigi ka haska a bango, haƙoransa na yaga ramukan gefen fim ɗin da ya bushe, in kuma ya maƙale na 'yan daƙiƙu zafin ƙwan ya ƙona wurin. Zaɓi biyu ne na gaske. Ko injin gida irin Wolverine, dala 300 zuwa 400, yana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, ɗan faifan minti uku sai ya ci kusan rabin awa, ba ya ɗaukar sauti, hoton kuma dai-dai gwargwado. Ko ka ba wa ɗan'uwa mai tafiya Ingila ko Amurka ya kai wa kamfanonin da aikinsu kenan, suna caji kan kowane faifai ko kan tsawonsa, kuma hotonsu shi ne irin wanda kake gani a YouTube kana mamaki. A hannu za a tafi da shi a jakar da ke tare da mutum, ba a aika ta gidan waya ba, ba kuma a jakar kaya ba. Sayen injin don faifai uku asara ce, sai in dangi ko coci za su haɗa kuɗi kowa ya kawo nasa.

| Hanya | Kuɗi | Kyan hoto | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari ga kaset |
|---|---|---|---|---|---|
| Waya da talabijin | kusan babu | ƙasa | ya danganta da ajiya | sosai | tsohon inji kawai |
| USB da laftof | dala 10 zuwa 90, ban da inji | mai kyau | mai kyau | sai da haƙuri | kaɗan |
| Akwati mai memori | sama da dala 100 | matsakaici | mai kyau | sosai | kaɗan |
| Injin DVD | farashin na hannu | mai kyau a awa biyu | rauni in an bar shi a faifai | matsakaici | kaɗan |
| Mai situdiyo | kan kowane kaset | ya danganta da mutum | mai kyau in MP4 ne | sosai | babba |
| Kamfanin waje, na fim | mai tsada | mafi kyau | mai kyau | sai da mai tafiya | hanya |

Duk hanyar da ka bi, inda ka ajiye shi ne rabin aikin. Filashi ɗaya ba ajiya ba ce, balle ga na jabu sun cika kasuwa, a rubuta giga 128 a jiki alhali cikinsa bai kai ba, ka zuba fayil ya nuna ya shiga, ranar buɗewa ka tarar ba komai. Ka cika shi ka buɗe fayil na farko da na ƙarshe ka gani tun kafin ka dogara da shi. Ni wuri uku nake ajiyewa, hadis na waje a gidana, wani a wajen ƙanwata a Jos, sai Google Drive, wanda kyautarsa giga 15 ce, ba za ta ɗauki duka ba amma za ta ɗauki waɗanda suka fi tsada a zuciya. YouTube ma ana iya ɗorawa a ɓoye sai mai mahaɗi ya gani, sai dai yana matse hoto kuma in akwai waƙar wani a ciki yana iya toshewa. In za ka tura wa dangi a WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, har giga 2 yana ɗauka, in ka tura a matsayin bidiyo zai murƙushe shi, kuma wannan murƙusasshen ne zai yi ta yawo har a manta da na asali. Kaset ɗin kuma kar ka zubar bayan ka gama, ka mai da zaren farko, ka jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da sifika da taga da bangon da ke jiƙewa.

Wa ya kamata ya bi wace

In kaset ɗaya zuwa biyar ne gare ka kuma ba ka da inji, mai situdiyo ne, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma in da hali a gabanka. In sun kai goma ko fiye kuma akwai matashi mai laftof a gida, ka nemi bidiyo na hannu wajen masu gyaran rediyo da talabijin, a goge masa hed a canja bel a gwada a gabanka, ka haɗa da USB, in aljihu zai iya ka ɗauki mai sunan. In kaset ɗin da yawa amma ba mai son kwamfuta, akwati mai memori. In fumfuna ta kama ko zare ya tsinke, kar ka taɓa, tsohon mai ɗaukar biki ne kawai zai iya, ka tambaye shi yadda zai goge kafin ka miƙa. Mai MiniDV ya nemi FireWire ko da aro ne. Mai faifan fim ya jira amintaccen mai tafiya, sai dai in ya ji tsamin nan, to kar ya jira na badi.

In kuma akwai tsoho a gida da jiki ya fara rauni, ka bar maganar kyan hoto tukun, ka aro inji a satin nan ka kafa waya. Sai ka kafa ta biyu tana kallon shi ko ita. Da muka kunna na 1994 Mama ce ta riƙa nuna mutane da yatsa, wannan matar malamin makarantar Lahadi ce, wancan mai jar hular shi ya ɗinka muku kayan shekarar, yarinyar nan mai tabarau na roba da balan-balan ita ce ta rasu a haihuwa, mutum goma sha ɗaya ta kira da suna waɗanda duk cikinmu ba wanda ya sani, na rubuta su da mintin da kowa ya fito na sa a fayil ɗaya da bidiyon.